Idon kamara: wanne za a saya, kuma da wane kuɗi?

A wannan fili mun saba da maganar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kiwon ɗan rago, da sarin gero lokacin kaka. Yau kuwa magana ce da wasu za su ce ba tamu ba ce: maganar idon kamara, wato gilashin nan mai kama da gwangwani da ake murɗawa a gaban kamara, wanda masu hoto ke kira objektif. Abin da ya kawo ta shi ne, cikin ƴan watannin nan ƙungiyoyi sun aiko mana tambaya kusan iri ɗaya. Wata matashiya cikin ƙungiya, ko ɗiyar wata daga cikinmu, tana da kamara, tana son ɗaukar hoto, sai ta zo ranar zubi ta ce a ba ta bashi ta sayi sabon ido. Sai mata su rabu biyu. Wasu su ce kuɗin asusu ba na wasan yara ba ne, wasu su ce ai da haka ake fara sana'a. Mun ji inda har aka tashi taro ba a raba gardamar ba, kuma cikin masu gardamar babu wadda ta san abin da yarinyar ke son saye, balle a ce ya yi tsada ko bai yi ba. Shi ya sa muka zauna da masu hoton biki, muka sa suka kwance jakunkunansu a gabanmu, muka yi ta tambaya har suka gaji da mu.

Da farko dai mu yi wa yaran nan adalci. Akwai wuraren da namiji mai hoto ba ya shiga, ko ya shiga amarya ba ta sakewa: ranar ƙunshi, ranar jere, cikin ɗaki da safiyar suna kafin mai jego ta fito. Mace mai kamara tana shiga duk waɗannan wurare ba wanda zai ɗaga ido. Gaskiya ne kowa na da salula yanzu, kuma salula tana hoto mai kyau da rana tsaka. Amma ku ɗauki hoton amarya da ita bayan magariba, a ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, ku kai a wanke muku shi babba, za ku ga fuskar kamar an shafa mata kunu. Wannan giɓin shi ne kamara ke cikewa. To amma fa ba kowane ido ke cike shi ba, kuma nan ne kuɗi ke salwanta.

Yawancin kamarorin da ke hannun ƴaƴanmu Canon ne ko Nikon na masu fara koyo, waɗanda wani wa ko kawu ya kawo tsaraba, ko aka saya okaziyo. Kusan dukkansu da ido ɗaya suke zuwa, an rubuta masa 18-55mm, kusa da shi kuma 3.5-5.6. Ku sa yarinyar ta nuna muku, rubutun yana nan a bakin gilashin. Wadda ta gane lambobin nan biyu, mai butiki ba zai juya ta ba.

Lambar farko, mai mm, faɗin abin da ido ke kwasowa ce. Ƙaramar lamba kamar 18 tana kwaso ɗaki duka, har da kwanonin jere da masu leƙe ta taga. Babbar lamba kamar 200 ko 300 tana jawo abu na nesa ya zo kusa, amma ɗan wuri kaɗan take gani, kamar mai leƙe ta cikin kara. Lamba ta biyu, wadda ake sa wa harafin f a gaba, girman ƙofar da haske ke shiga ce. Ita kuma a juye take, kuma wannan ne ke rikita mutane: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ido mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na mai f/5.6. Shi kuwa idon da ya zo da kamara, in aka jawo shi zuwa 55 don a ɗauki fuska, ƙofarsa tana tsukewa ta koma 5.6. Ga dalilin da ya sa hoton dare ke fita da duhu, ko ya fito dishi-dishi kamar hannun mai ɗauka na rawa. Kamarar lafiyarta lau, haske ne bai ishe ta ba.

Yanzu ga inda muke da ta cewa. Cikin waɗanda suka nemi bashi, mafi yawa dogon ido suke so, mai 75-300 ko 70-300. Mun gane dalili. Shi ne ake gani wuyan ƴan jarida, in ka rataya shi mutane na buɗe maka hanya. Kuma yana da amfaninsa: a filin kokowa lokacin gasar takobi, ko ranar hawan salla a Damagaram inda dawaki ba sa barin mutum ya matso, shi ne sarki. Amma sau nawa ake kokowar takobi a shekara, sau nawa kuma ake suna a unguwarku? A ɗakin amarya dogon ido ba ya ganin komai sai hanci da ɗan kunne, kuma ƙofarsa 4 zuwa 5.6 ce, wato duhun da ake gudu yana nan bai tafi ba. Ga nauyi, ga rawar hannu, don duk yadda ido ya jawo nesa haka yake ƙara girman ƴar girgizar hannu. Wadda ta ci bashi ta saye shi don hoton biki ta sayi tsani ne alhali rijiya za ta shiga.

Wanda masu hoto suka fi nuna mana ɗan guntu ne, mara kwarjini, ba ya ma zuƙowa ba ya komawa: 50mm f/1.8. Na Canon da ake kira STM ya fito a 2015, nauyinsa giram 160 kacal, kuma dalar Amurka 125 aka sa masa lokacin, wato tsakanin jika 70 da 80 a kuɗinmu, kafin a sa kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Na Nikon ya ɗara shi tsada. Akwai kuma na wani kamfanin Sin, Yongnuo, wanda ke yin irinsa da araha sosai. Yana hoto, sai dai ya fi jinkirin kama fuska kuma yana da ƴar ƙara. Wannan ɗan guntun shi ke ba da hoton nan da amare ke so, fuska ta fito tar, bayan kuma ya narke, ba a ganin igiyar shanya ko bokitin wanki. In ana son fuska, ko zanen lalle a hannu, ko jariri a cinyar kakarsa, da wuya a samu abin da ya fi shi a wannan kuɗin.

Sai dai kada ku ruga tukuna, don shi ma yana da nasa. A kan ƙananan kamarorin nan, 50 yana da matsi. In kika tsaya mita 3 daga bango, faɗin abin da za ki samu bai wuce mita ɗaya da ɗan ƙari ba. Kafin ki ɗauki amarya a tsaye daga ɗankwali zuwa takalmi, sai kin ja baya wajen mita 4. To ku faɗa mana, ɗakin amarya nawa ne a Maraɗi ko Tawa ke da filin mita 4 bayan an sa gado, an sa kabad, an jera kwanoni, ƙawaye goma sun zauna? Mai Nikon tana da mafita mai kyau, 35mm f/1.8 mai alamar DX: a mita 3 yana kwaso faɗin wajen mita 2, ga hasken nan dai bai ragu ba. Mai Canon kuwa akwai ɗan falalen 24mm f/2.8, wanda ke kwaso kusan mita 3. Sai dai haskensa ninki biyu ne kawai na idon da take da shi, ba ninki goma ba, don haka sai ta auna ko ya kai a fitar masa da kuɗi. Wani abin kuma, in aka buɗe ƙofar nan har 1.8 aka ɗauki mata layi biyu, na gaba ne za su fito, na baya su zama hazo. Hoton taro sai an tsuke ƙofa zuwa 4 ko 5.6, kun ga an dawo gidan jiya. Uwar ango da ta ga fuskarta ta narke a hoto ba za ta saurari bayanin f ba.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala, kuma muna ganin duk ƙungiyar da aka kawo wa wannan buƙata ta sa a yi shi kafin a buɗe akwati. Idon 18-55 ai yana da 24 a cikinsa, yana da 35, yana da 50. Yarinya ta tsayar da shi kan 50, ta manna masa salatif kada ya motsa, ta yi sati guda tana hoto a haka, a irin ɗakunan da take shiga. Sati na biyu ta mayar da shi 35. Da kanta za ta gane wanda ke sa ta haɗa baya da bango da wanda ya yi mata daidai. Gani ya kori ji.

In an tsai da shawara kan lamba, saura baki. Kowane kamfani da irin bakin da idonsa ke ɗaurawa. Na Canon ba ya shiga Nikon, na Nikon ba ya shiga Canon, kuma kamfanoni irin su Sigma, Tamron da Yongnuo suna yin ido ɗaya da baki daban-daban, sai an duba na wace kamara ne. Ko cikin gida ɗaya ma akwai bambanci. Tun 2018 Canon da Nikon suka fito da sabbin bakuna, RF da Z, na kamarori marasa madubi a ciki. Idon RF ko Z ba ya hawa tsofaffin kamarorin da yaranmu ke riƙe da su. Wannan canjin ya yi mana rana ta wani gefe, don masu hali a waje suna ta sayar da tsofaffin idanunsu suna komawa sabbi, kayan okaziyo suka yawaita. Masu Nikon irin D3100, D3200 ko D5100 su buɗe kunne nan: akwai 50mm f/1.8 mai harafin D a ƙarshe, ya fi araha, yana shiga bakin kamarar daram, amma ba zai kama fuska da kansa ba, sai an yi ta murɗawa da hannu, saboda waɗannan kamarori ba su da ɗan injin da ke juya shi. Mai harafin G, wanda aka rubuta wa AF-S, shi ne nasu. Harafi ɗaya ne tsakani, amma ya isa ya sa a yi kuka.

Saboda haka ba ma son sayen aike. A ba direba kuɗi a ce in ya je Kano ya sayo, ko a ga hoto a WhatsApp a tura kuɗi, wannan ya yi wa atamfa, bai yi wa idon kamara ba. Ko a Yamai ne, ko Kano, ko hannun wani mai hoto da ke son rage kaya, a je da kamarar a jaka, a ɗaura, a ɗauki hoto goma a wurin, na kusa da na nesa, a buɗe su a duba. A cire idon, a haska fitilar salula ta baya a leƙa ta gaba. Ƴar ƙura ɗaya biyu a ciki ba komai ba ce, kusan duk tsohon ido yana da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo a jikin gilashin: fumfuna ce, tana kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin garuruwan bakin teku, kuma tana yaɗuwa. A duba bakin ƙarfen ko ya lotsa, alamar ya taɓa faɗuwa. A murɗa a ji ko yana tafiya sumul ko yana ƙugi kamar da yashi a ciki. A nemi takardar saye, a kuma yi magana a gaban shaida cewa in ya ƙi aiki cikin kwana kaza za a mayar. Wanda ya ƙi yarda a gwada kayansa ya riga ya faɗa muku halin kayan.

Mu kuma namu ciwon ba laima ba ce, ƙura ce. Daga watan sanyi har zuwa bazara iska na ɗauke da ita, kuma duk lokacin da aka cire ido cikin kamara a buɗe yake. Wadda ta koma mai ido biyu ta ƙara wa kanta wannan aiki: ta riƙa canzawa cikin ɗaki, ta kashe kamara, ta kifa bakinta ƙasa, ta yi sauri. Kada a goge gilashi da gefen zane ko mayafi, ƙurarmu yashi ce, tana karce shi. Akwai ƴar robar busa iska da ɗan ƙyalle mai laushi da ake sayarwa don haka, da gilashin kariya da ake murɗawa a gaba, wanda in ya karce shi kaɗai za a canza; faɗinsa yana rubuce a cikin murfin idon. A sa kuɗin waɗannan cikin lissafi tun farko.

Kafin mu zo kan kuɗi, bari mu ɗan ratse. Seydou Keïta, mai hoton Bamako da ya buɗe wurin aikinsa a 1948, wanda yau hotunansa ke rataye a manyan gidajen ajiyar kayan tarihi na Turai da Amurka, yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana da zane a rataye a baya. Ba muna cewa kowa Keïta ce ba. Muna cewa sau da yawa abin da hoto ya rasa ba a butiki yake ba. A zaunar da amarya kusa da ƙofa ko taga, hasken ya zo mata ta gefe, wata ta riƙe farin zane ta ɗaya gefen ya mayar mata da haske a fuska. A yi hoton da hantsi ko bayan la'asar maimakon a jira dare. Yarinyar da ba ta gwada wannan ba, ba ta gama cin amfanin idon da ke hannunta ba tukuna.

To, kuɗi. Mu a nan ra'ayinmu a fili yake: a raba sha'awa da sana'a. Sha'awa ba laifi ba ce. Mace ta so abu don yana faranta mata rai, ta ɗauki hoton ƴaƴanta, da tsohuwarta tun tana da rai, da gonarsu lokacin da gero ya fid da kai, wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce, kuma masu cewa wasa ne su tuna abin da muke kashewa a anko. Amma bashin asusu yana da wa'adi, yana da ƙari, kuma kuɗin mata talatin ne, wasunsu sai sun sayar da ƙosai kafin su samu na zubi. Abin da ba ya kawo kuɗi ba ya iya biyan bashi mai ƙari.

Mu yi lissafi tare. Mu ce idon da kayan kariyarsa sun tashi jika 80. Mu ce ƙungiyarku tana karɓar ƙarin kashi 10 cikin 100 a wata, kamar yadda ƙungiyoyi da dama ke yi, wa'adi wata 3. Ƙarin ya zama jika 24, abin biya jika 104. In yarinyar tana tsira da jika 5 a kowane biki bayan ta cire kuɗin wankin hoto da na kabu-kabu, sai ta yi biki 21 cikin sati 13 kafin ta fita. Ko mai hoton da ya yi suna sai lokacin bukukuwa yake samun haka, bayan kaka ko gab da azumi. In bashin ya faɗo cikin damina ko cikin azumi, uwarta ce za ta sayar da akuya. Yanzu ku juya lissafin: jika 2 duk sati, cikin adashi ko a hannun ma'ajiya, sati 40 ya ba da jika 80 cif, ba ƙarin ko dala. In kuma tana cikin zubi, ta jira ranar rabo ta ɗauki kasonta ta saya, ba wadda za ta ce mata don me. Wata tara da ɗoriya yana da tsawo ga mai shekara ashirin, mun sani. Amma cikin watannin nan ne za ta yi gwajin salatif, ta koyi zaunar da mutum kusa da taga, kuma sau da yawa idon da take so a watan farko ba shi take so a wata na tara ba.

Wadda kuwa ta riga ta fara karɓar kuɗi, maganarta daban. Ita a tambaye ta abin da muke tambayar mai neman jarin man gyaɗa. Biki nawa ta yi cikin wata uku da suka wuce, nawa aka ba ta, nawa ya rage mata? Ta kawo littafi, in ba ta rubutawa ta fara daga yau ta dawo bayan wata biyu. Wane aiki ne ya kuɓuce mata saboda rashin wannan idon? In ta iya amsawa, a ba ta, amma ba duka ba: ta kawo rabi daga aljihunta, ƙungiya ta cika rabi, kuma a daidaita bashin da lokacin bukukuwa. Jika 40 a wata 3 ƙarinsa jika 12 ne, biki 11 sun biya shi har da canji. Abin da ke ɗan kwantar da hankali shi ne ido mai kyau ba ya faɗuwa a kasuwa da sauri kamar salula ko ita kanta kamarar. In abu ya ƙi, ana iya sayar da shi a rage asara. Kada dai ta sayar da tsohon 18-55 ɗinta don ta cika kuɗin. Ba za a saye shi da daraja ba, kuma shi ne zai ɗaukar mata hoton dangi duka a tsakar gida, abin da sabon ba zai iya ba.

Wata ƙungiya ta tambaye mu ko su sayi idon da kuɗin asusu ya zama na ƙungiya, a riƙa ba yara haya kamar yadda ake yi da kujeru da manyan tukwane. Mu ba mu goyi baya ba. Tukunya in ta faɗi a ɗauka a ci gaba da girki, kuma lotsawarta kowa na gani. Ido in ya faɗi, ciwon a ciki yake, sai bayan sati a gane hotuna sun daina fita, lokacin ya bi hannu uku, kowa na rantsuwa ba ita ba ce. In yara biyu masu kamara iri ɗaya suka shirya tsakaninsu, ɗaya ta sayi 35 ɗaya ta sayi 50 su riƙa musanya, wannan tsakaninsu ne, amma su yi shi da sanin iyayensu, kuma su faɗi tun ranar farko wa zai biya in ya fashe.